Kunyar Hajo a Daren Yuri

Tun ranar da aka raɗa wa Kailani suna, Hajo ba ta taɓa furta sunan nan da bakinta ba. Ɗan fari ne, kuma a gidan da ta tashi mace mai tarbiyya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa gwiwa ma sai dai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma duk layinsu a Tudun Wada an shaidi Hajo da cewa ta fi su iyawa. Da ita matan unguwa ke buga misali in suna yi wa matan yanzu faɗa, masu rungumar ɗan fari suna ɗaukar hoto suna watsawa a waya. Hajo tana jin daɗin yabon, babu amfanin a ɓoye.

Da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa a Tudun Jukun, ita ya buɗe ido yana kira Inna. Wadda ta haife shi kuwa Yaya Hajo ce, baƙuwar da ke zuwa da sallah ta gaida tsohuwa, ta aje ledar kaya, ta fita ba ta dubi inda yake ba. Sai da tsohuwar ta rasu ya dawo gidan ubansa, yana sakandare, da dogon wuya da kwalin littattafai. Ba a jima ba uban, Malam Labaran, ya bi bayan uwarsa. Sauran 'ya'yan suka yi aure suka watse, gidan ya rage su uku: Hajo, da Kailani, da auta Atika, wadda ake ba nama a baki ana kiran ta da suna iri-iri.

Atika ce wayar gidan. Kailani na tsaye a tsakar gida, Hajo na zaune tana haɗa humrar da take sayarwa, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba, amma sai ka ji ta ce, "Atika, ce wa yayanki abinci na nan." Shi kuma ya ce, "Atika, ce mata na gode." Atika ta maimaita kowanne tana murguɗa baki. Mutane na dariya in sun gani, suna cewa gidan nan akwai kunya, su ma 'yan gidan sun saba har ba sa jin abin a matsayin wani abu.

Kailani ya karanta kimiyya a jami'a, ya ƙare yana koyarwa a wata makarantar kuɗi da ke wajen Dutsen Abba. Abin da ya shiga ransa shi ne sama. Da hannunsa ya haɗa na'urar hangen taurari, da bututun ruwa na roba da wani madubi da ya yi odarsa daga waje, 'yan unguwa suka sa mata suna bututun Kailani. Wata rana a intanet ya ci karo da wata ƙungiyar sa-kai, wadda ba riba take nema ba, da ke haɗa kan mutane a ko'ina cikin duniya su yi biki kowace ranar sha biyu ga Afrilu. A ranar ce, a shekarar 1961, wani mutumin Rasha mai suna Yuri Gagarin ya zama ɗan Adam na farko da ya shiga sararin samaniya, ya zagaya duniya a cikin kumbo ya dawo da ransa. Daren Yuri ake kiran bikin. Duk wanda ya shirya nasa taron zai iya sanar da ƙungiyar, sai sunan garinsa ya fito a taswirarsu.

Kailani ya sanar da su, sai ga Zariya ta fito, ɗigo guda a tsakiyar fili fetal, nesa da cunkoson ɗigogin Turai da Amurka. Ya nuna wa Atika. Atika ta kai wa Hajo wayar ɗaki, Hajo ta taɓe baki ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Bayan ya fita ta ce a sake nuna mata. Ta sa aka ƙara girman wurin, ta daɗe tana duban ɗigon, sannan ta ce wa Atika kada ta kuskura ta faɗa.

Mutanen Tudun Wada, Allah ya shirye su, tambayarsu ta farko ita ce wane ne Yuri, kuma ɗan wane layi ne. 'Yan majalisar mai shayi suka koma kiran Kailani ɗan sama-jannati, suna tambayarsa yaushe jirginsa zai tashi a ba shi saƙo. Duk da haka kowace shekara sai ya kafa bututunsa a filin ƙwallon da ke bayan makarantar firamare. Abokinsa Chike, haifaffen unguwar mai shagon kayan lantarki, yakan ara masa janareta da majigi, a haska hotunan 'yan sama-jannati a jikin bango. Yara ke zuwa, sai tsirarun ɗaliban jami'a daga unguwar Kongo. Hajo ba ta taɓa leƙawa ba, amma ba a taɓa yin taron babu kular zoɓo da bokitin cincin daga hannunta ba. Takan ce wa Atika, "Ragowa ce, kai musu kada ta lalace." Wace irin ragowa ce ke cika bokiti har baki, wannan babu mai tambaya.

Ita ta fara lura da idonsa, tun kafin shi ya yarda. Da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe da buta, ya yi karo da turmin da ke wuri guda tun kafin a haife shi. Ta ce a ranta dundumi ne, ta shiga sayen hanta tana tusa masa a ƙarƙashin tuwo. Kullum kafin rana ta faɗi sai ta bi tsakar gida ta kwashe duk abin da ke kan hanyarsa, buta, kujera, takalman Atika, ta ɗage igiyar shanya. Bai taɓa ganin ta tana yi ba, ita ma haka take so. Hantar ba ta yi komai ba. Da ya je asibitin ido a Kaduna likita ya ce ba irin wanda abinci ke gyarawa ba ne, ciwon a can ƙarshen ido yake, gani zai riƙa tsukewa daga gefe har ya rufe, kuma na dare ne ke fara tafiya. Atika ce ta kawo mata labarin tana kuka. Hajo ta ce, "Allah ya sa kaffara ce," ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji nata kukan.

A satin bikin na shekarar, da hantsi, tana tsintar wake a ƙofar ɗaki, sai ga shi ya zo ya tsuguna a gefen tabarma. Ta ɗaga murya za ta kira Atika.

"Na aike ta," in ji Kailani. "Da ke nake, Yaya Hajo."

Ta ƙura wa faifan ido kamar waken zai gudu.

"Bana ne na ƙarshe," ya ce. "Taurarin sun riga sun ɓace mini. A bututun ma duhu kawai nake gani, ina nuna wa yara abin da na haddace ne. Akwai wata tasha a sama, kamar gida take, da mutane a ciki suna aiki, tana zagaya duniya. Ranar Litinin bayan magariba za ta bi ta kanmu, ba sai da bututu ba, ido ma yana ganin ta. Ni ba zan gan ta ba." Ya murza bakin tabarmar. "Ina so ki zo ki tsaya kusa da ni, ki gani, ki gaya mini yadda take. Ke da bakinki. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Ko alawa bai taɓa tambayar ta ba. Hajo ta ji tana son ta aje faifan ta kama kan nan nasa da ba ta shafa ba tun yana goye. Abin da ya fito daga bakinta, kuma wake ta faɗa wa, shi ne, "Allah ya kai mu."

Ya ɗan jira ko akwai ƙari. Da ya ga babu, ya ce amin, ya tashi.

Ta ƙudurta za ta je. A kwanakin da suka rage, in tana kicin ita kaɗai, takan gwada sunan. Leɓɓanta su motsa, harshe ya hau inda ya kamata, amma sauti ya ƙi fita, sai ta ji kamar wani na leƙen ta ta taga. Mace da jikoki, tana jin tsoron suna mai gaɓa uku a gaban tukunyar miya. Ta ce wa kanta ba komai, ba lallai sai ta kira sunan ba, in ta ce "ga ta can" ma ya isa.

A shekarar nan ranar bikin ta faɗo daidai da ranar duban watan azumi. Wani, Allah kaɗai ya san ko wane ne, ya baza a unguwa cewa bututun Kailani yana hango wata tun kafin ya fito. Kafin la'asar labarin ya kai Tudun Jukun.

Atika ta ɗauki kular zoɓo ta tsaya a ƙofa. "Inna, za ki je kuwa? Tun safe yake tambaya ta."

"Yi gaba," in ji Hajo. "In na samu hali."

Atika ta san abin da wannan amsar ke nufi a gidansu, ta tafi rai a ɓace. Tana fita Hajo ta ɗauko atamfar da take ajiya don biki, ta ɗaura, ta shafa humrarta ta musamman, wadda ba ta sayarwa, haɗin da uwarta ta koya mata. Ta zura hijabi ta ja ƙofa.

Filin ya cika maƙil, irin cikar da bai taɓa yi ba. Dattawa da carbi, samari a kan babura, mata gefe guda da goyo. Daga nesa ta hango Kailani tsaye kusa da bututun cikin farar riga, fuskarsa a washe, yana juya kai duk inda hayaniya ta fi yawa. Yana jin taron ne da kunne, kuma a zatonsa don Yuri aka zo. Ta fara kutsawa wajensa.

"A'a! Wa nake gani haka?"

Maijidda ce, maƙwabciyarta, mace mai murya kamar lasifikar masallaci. Ta riƙe haɓa, ta dubi atamfar da ta leƙo ta ƙasan hijabi, ta shaƙi turaren.

"Hajo? Ke ce da kwalliya kika zo kallon ɗan fari? Jama'a ku zo ku gani, duniya ta zo ƙarshe! Yau Hajo ta aje kunya a gida!"

Matan suka juyo suna shewa. Wasa suke, babu mai mugun nufi a cikinsu, irin tsiyar da ake yi wa juna a gidan suna ce. Da ta yi dariya ta ce "E, na zo," da sun yi shewa ta biyu an wuce wurin. Amma yabon shekara da shekaru ba ya sakin mutum cikin sauƙi.

"Wane ɗan fari?" ta ce. "Ni duban wata na zo, kamar kowa."

"Yawwa, yanzu na ji Hajon da na sani," in ji Maijidda, ta kama hannunta ta ja ta cikin mata. Hajo ta tsaya tare da su tana fuskantar yamma, ta ba ɗanta baya.

Kailani ya karɓi makirufo daga hannun Chike ya yi sallama. Ya fara bayani a kan mutumin da ya shiga kumbo ba tare da tabbacin zai dawo ba, da yadda ya leƙo ta taga ya ga duniya gaba ɗayanta. Ya ce a daidai wannan rana akwai mutane a garuruwa masu nisa da suka taru kamar yadda aka taru a nan, kuma sunan Zariya na cikin nasu. Bai kai ko'ina ba wani dattijo ya ɗaga sanda.

"Malam Kailani, Allah ya yi maka albarka, a bar zancen Bature tukuna. A nuna mana wata, mu san ko gobe da azumi."

Jama'a suka ɗauka, a nuna wata, a nuna wata. Ya yi ƙoƙarin gaya musu cewa jinjirin yau siriri ne ƙwarai, yana ƙasa-ƙasa, ga gajimare ya tare yamma, da wuya a same shi. Babu mai saurare. Aka yi layi, kowa ya kafa ido a bakin bututun ya ɗago yana tsaki. Wani ya ce ai bututun ruwa ne, me ake tsammani. Wani saurayi ya juya shi da ƙarfi har wani abu ya yi ƙara a ciki. Hajo tana jin komai ta bayanta. Tana jin yadda muryarsa ke ƙanƙancewa yana cewa a yi haƙuri, a bi a hankali, bayan magariba akwai abin da ya fi wannan, akwai tasha da mutane a ciki.

Aka kira magariba, maza suka yi sahu a gefen fili, mata suka raɓe bayan ajujuwa. Da aka idar Hajo ta zame daga cikin su Maijidda ta koma gindin wata darbejiya da ke jikin katanga, inda duhu ya fara taruwa. Daga nan tana ganin sa sosai. Ta ce bari mutane su ɗan ragu, sai ta matsa.

Chike ya tada janareta, hotuna suka bayyana a bango, mutane cikin fararen kaya masu kumburi suna shawagi. Yara sun fara zama ke nan sai wayoyi suka shiga ƙara. An ga wata a wasu garuruwa, sanarwa kawai ake jira. Kafin ka ce me, filin ya motsa gaba ɗaya. Masu tunanin asham suka nufi masallaci don su samu sahun gaba, masu tunanin sahur suka nufi kasuwa, iyaye na jan yara, babura na watsa ƙasa. Hajo ta hango Atika ta rungumi kula tana gudu, za ta gida ta taya uwarta aiki, don a saninta uwar na gida. Ta ɗaga hannu, yarinyar ba ta waiwayo ba.

Mai kurar da ya kawo bencina ya ce shi fa yanzu zai mayar da su, in ba haka ba sai bayan sallah. Chike ya kashe janareta, ya ce wa Kailani, "Bari in raka shi in nuna masa inda zai sauke, yanzu zan dawo. Kada ka motsa daga nan."

Shi ke nan fili ya zama wayam, sai ledojin zoɓo da iska ke ja. Babu Maijidda, babu matan layi, babu ko akuya. Daga Kailani a tsakiyar fili da hannu a kan bututunsa, sai uwarsa a gindin bishiya.

Wayar aljihunsa ta yi ƙara, lokacin da ya saita ya yi. Ya kashe ta, ya ɗaga fuska sama. Bai ma fuskanci inda ya dace ba, ya ɗan karkace.

"Akwai kowa a nan?" ya ce.

Hajo ta ɗaga kai, sai ga tashar. Ta ɓullo ta saman rufin makarantar, haske fari tas, ya fi duk taurarin da suka fito, ba ya ƙyaftawa irin na jirgi, ba ya ƙara. Tafiya take a natse kamar wadda ta san hanya. Ashe gaskiya ne. Ashe duk shekarun nan da ake masa dariya, abin yana nan yana wucewa ta kan Tudun Wada, da 'ya'yan wasu a ciki, kuma ɗanta ne kaɗai ya sani a duk layin.

"In akwai wani, don Allah ya duba sama," in ji Kailani. "Za ta fito yanzu. Ko ta fito?"

Ya saurara. Sannan ya rage murya, kamar mai jin kunyar kansa.

"Yaya Hajo?"

Ga ta can, ta hannun damarka. Maganar ke nan, ba ta da tsawo. Babu mai ji, babu mai kai wa Maijidda. Hajo ta buɗe baki, sai ta tarar abin da ke kan harshenta shi ne "Atika, ce wa yayanki," don wannan kaɗai hanyar da magana ta sani daga bakinta zuwa kunnensa. Ta waiga gefenta inda Atika ta saba tsayawa, katanga ce kawai. Ta sake buɗe baki. Ta ce bari ta haɗiye yawu, bari hasken ya zo daidai kansa, bari ta yi bisimilla. Hasken ya zo daidai kansa ya wuce, Kailani na nan tsaye da fuska a sama yana duban wani gefe dabam. Hasken ya gangara wajen Kongo, ya fara dusashewa tun bai kai ƙarshen sama ba, ya koma ja-ja, ya ɓace.

Kailani ya daɗe a haka. Aka fara kiran isha'i daga masallatai, nan da can, sannan ya sauke kai yana murza wuya.

Fitilar babur ta haska filin, Chike ne. "Ta wuce? Kai, mutumin nan ya ɓata mini lokaci, wai sai na taya shi saukewa. Wani ya gan ta?"

"Babu kowa," in ji Kailani. "Chike, ka dai ga mutanen da suka zo. Ta zo kuwa?"

Chike bai tambayi wa ake nufi ba. Fitilarsa ta riga ta kama gefen atamfa a gindin darbejiya, ya gan ta, ta gan shi. Hajo ba ta yi shawara da kanta ba, kanta ne ya girgiza da kansa, hannunta ya tashi ya yi masa alamar ya yi shiru, yadda ta saba yi wa Atika. Chike a Tudun Wada aka haife shi, ya san al'adar, kuma ba a koya masa ƙaryata babba ba. Ya dube ta har sai da ta sunkuyar da kai.

"Mutane sun yi yawa," ya ce. "Ban lura ba."

"Ba komai. Dama na sani." Kailani ya shafa jikin bututun daga sama har ƙasa. "Ka tafi da wannan, ka ba 'yarka Ginika, ita ce ke son sa. Madubin ya goce, zan gaya maka yadda ake gyarawa."

"Haba, baɗi fa? Wa zai sa Zariya a taswirar?"

"Sai wanda ke gani."

Chike ya ce ya hau ya kai shi gida tukuna, ya dawo ya kwashi kaya. Kailani ya ƙi. Ya ce gara ya fara koyon hanyar da ƙafa tun yanzu, tunda ita za ta rage masa. Suka ɗaure janareta da majigi a bayan babur, aka kwantar da bututun a kai. Chike ya sake duban gindin bishiyar sau ɗaya, ya ja babur ya tafi.

Kailani ya lalubi katanga ya kama hanya. Babu wuta a unguwar, layin ya yi duhu, kowa na masallaci. Yana tafe hannu ɗaya a jikin bango, yana jan ƙafa yana gwada ƙasa kafin ya taka. Hajo ta biyo shi a baya, nesa kaɗan, idonta a kan kwatar da ke gefen hanya. Duk inda ya matsa kusa da bakin kwatar sai numfashinta ya tsaya, in ya wuce ta sake shi. Hawaye na zuba tana barin su, don ko hannu ta ɗaga tana tsoron ya ji. Baƙin ciki take ji irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka fita da gawar Malam Labaran, kuma babu wanda za ta ɗora wa laifi. Har yanzu tana gaya wa kanta akwai dama, in sun kai kwanar mai shayi za ta yi magana, in sun wuce famfo za ta yi magana. Suka wuce kwanar, suka wuce famfon.

Daf da layinsu ya tsaya. Ya ji ƙarar silifa a bayansa tun ɗazu. Ya manna bayansa da bango, ya tattara rigarsa don ya ba da hanya.

"Baiwar Allah, ki wuce," ya ce. "Ni a hankali nake tafiya, kada in sa ki rasa asham."

Ta tsaya. Shi ma yana tsaye yana jira, da ladabi, yadda ake yi wa uwar wani. Lungun ƙunci gare shi, babu yadda za a gifta ba a kusanci juna ba. Ta sa kai ta wuce, gefen hijabinta ya shafi hannunsa. Ta ji ya ja numfashi, sannan ya riƙe shi. Humrar nan babu mai ita a duk Zariya sai mace ɗaya, kuma a cikin ƙamshinta yake kwana yake tashi. Ba ta waiwaya ba, amma ta ji bai motsa daga jikin bangon ba.

Ta riga shi isa gida. Atika na kicin tana fama da murhu, ta bar buta a tsakiyar zaure, daidai inda zai sa ƙafa. Hajo ta sunkuya ta ɗauke butar, ta aje ta a jikin bango, ta shige ɗaki ta ja labule.